Kafson Kawu Mai Agogo

Kawuna, ƙanen mahaifiyarmu, mai gyaran agogo ne, kuma ban taɓa ganin mai ƙyanƙyami irinsa ba. Da gwiwar hannu yake tura ƙofa. In ka miƙa masa hannu zai karɓa, amma kana ba da baya zai ja durowa ya zaro kafso mai ja da rawaya ya haɗiye, wai ya kashe cutar da ka shafa masa. An yi atishawa a shago, kafso. An dawo daga jana'iza, kafso biyu. Shekara ashirin yana watsa su a baki kamar gyaɗa.

Tsaftar dai a waje ta tsaya. Cikinsa ya kumbura, kullum yana ƙugi. Shagon ɗan tsugul ne, taga ɗaya, in Kawu ya saki iska sai ka rantse ƙwai ne ya ruɓe a ƙarƙashin tebur. Gefen bakinsa ya tsattsage, harshensa ya yi ja sumul. Allah ya sani, sai na toshe hanci duk ranar da na kai masa abinci. Shi kuwa sai ya yatsine fuska ya ce kwatar maƙwabta ce.

Ba warin ya kai shi asibiti ba, yatsu ne. Da farko kamar ana tsira masa allura, daga baya suka daina jin komai. Mai gyaran agogo ba yatsu ai ya zama ɗan kallo. Ni na raka shi, ni kuma na riƙe 'yar kwalbar bayan-gidansa a leda, don ya ce shi ba ya taɓa ƙazanta. Tasa fa!

Likita ta ce, "Baba, a hanjin kowa akwai ƙwayoyi masu amfani. Ka karkashe naka, miyagun sun samu fili, sun hana bitamin B shiga jikinka, shi kuwa jijiyoyi ke buƙata. Za mu yi maka allurai. Amma in ka koma wa kafson nan, yatsun na iya tafiya ke nan."

"Wato in yi kiwon ƙwari a cikina?" in ji Kawu. "Ni da nake wanka sau uku?"

Na kwashe durowar tas na zubar. Wata uku ana allura, warin ya lafa, yatsu suka fara farfaɗowa. Har na saki jiki na daina leƙa shi.

Jiya na je da abinci, tun daga bakin ƙofa hancina ya ba ni labari. Ga fankon kafso cunkushe a bayan agogon bango. Kawu kuwa yana durƙushe a ƙasa, ƙasar da ko gefen rigarsa ba ya bari ya taɓa, yana lalube.

"Me ya faɗi, Kawu?"

"Ɗan sukurun agogon mutane ne, 'yar nan. Yanzun nan yana hannuna."

Yana hannun nasa kuwa. Ya matse shi tsakanin babban yatsa da manuni har fatar ta yi fari.