Farin Dutsen Sannu-Sannu

Shekara talatin da ɗaya Sannu-Sannu ya yi yana tuƙa bas ɗin wani kamfanin yawon buɗe ido zuwa magangarar ruwan da ke bayan duwatsu, kwana shida a mako, amma ko sau ɗaya bai taɓa ɗora ido a kan ruwan ba, sai dai hotonsa da aka manna a jikin motar. Abokan aiki ne suka laƙaba masa sunan, don ko titi ya zama nasa shi kaɗai ba ya taka mota. Gajere ne mai faffaɗar kafaɗa, irin mutanen da sai sun goge madubi sau uku kafin su murɗa makulli.

Dokar kamfanin ita ce direba ba ya barin mota. Fasinjoji su zube jakunkunansu a kan kujeru, su bi ɗan jagora su shige ƙofar ƙarfe, direba kuwa ya zauna gadi har su fito. An taɓa korar wani da ya ce bari ya leƙa na minti goma, ya dawo ya tarar an yi gaba da jakar wata mata, tun daga nan babu direban da ya sake gigin matsawa. Saboda haka rabon Sannu-Sannu a wannan wuri da mutane ke tsallako ƙasashe don su gani shi ne filin ajiye motoci, da doguwar katanga, da benci na siminti a gindin bishiya, da famfo a gefen bayan gida. Sai kuma rugugin ruwan da ke tasowa daga can ƙasa, wanda ya saba da shi har ya daina jin sa.

Matarsa tela ce, yana kiran ta Mai Keke. Ranar da ya fara aikin watansu biyu da aure. Ta tare shi a bakin ƙofa, ido yana ƙyalli, ta ce, "Malam, yaya ruwan yake?" Kunya ta hana shi cewa katanga ya wuni yana kallo. Sai ya kwashe abin da ya ji ɗan jagora yana faɗa a lasifika ya zuba mata: tsayin ruwan kaza, hanyar ɗan gangare ce kawai, tafiyar minti biyar. Ta ce to a ina ya ci abincin da ta ɗaura masa? Nan bakinsa ya zarce. Ya ce akwai wani farin dutse mai faɗi dab da ruwan, a kansa ya zauna, ya zura ƙafafu a ciki.

Shi ke nan, dutse ya samu wurin zama a gidan. Yara huɗu aka haifa, duk da labarinsa suka tashi. Wata rana ta ce abin mamaki, mai tsoma ƙafa a ruwa kullum amma bakin wandonsa a bushe. Daga ranar, kafin ya tayar da mota zuwa gida, sai ya tsaya a famfo ya jiƙa bakin wandon. Bawan Allahn da bai taɓa cin ƙwandalar kowa ba, ga abin da ya yi ta yi shekara da shekaru. Ba don mugunta ba. Yana son yadda fuskarta ke washewa ne in yana ba da labarin, ƙafarta ta tsaya cak a kan keke.

Ita kuwa ba ta taɓa zuwa ba. Hutunsa kwana ɗaya ne, wa zai yi tafiyar awa biyu da rabi zuwa wurin aikinsa ranar hutu? Ga ɗinkin mutane, ga goyo, daga baya ga ciwon gwiwa da keke ya bar mata. Kullum dai "wata rana".

Wata shida bayan ya yi ritaya, autarsu, wadda ke aikin jinya, ta shigo falo da takardar talla ta kamfanin da ya bari. Ta ture tarin yadudduka ta zauna a hannun kujera.

"Baba, ranar Asabar ina hutu, kuma na rantse sai Mama ta ga ruwan nan. Hanya biyu ce. Ko mu bi motar kamfani da ɗan jagora, su ɗauke mana komai, ko mu tafi a motata mu uku, mu yi yadda muka ga dama. Ni dai na fi son ta kamfani, saboda ƙafar Mama. Sun ce suna kula da tsofaffi."

Sannu-Sannu ya auna hanyoyin biyu. In aka bi motar kamfani, direban tsohon yaron motarsa ne, ɗan jagoran kuma abokin tsokanarsa ne mai bakin tsiya, kafin a fita gari zai ɗauki lasifika ya sanar wa mota guda cewa yau Sannu-Sannu zai ga ruwa. In kuma su kaɗai suka tafi, shi ne jagora a wurin da bai sani ba. Amma ya lissafa a ransa: bayanin nan ya ji shi ya fi sau dubu tara, ko cikin barci aka tashe shi zai karanto shi. Dutse kuwa, a bakin ruwa ai ba a rasa dutse. Ya samu wani mai ɗan haske ya nuna, a wuce wurin.

Kafin ya buɗe baki Mai Keke ta riga shi. "Ke Auta, kina da hankali kuwa? Ina da ubanki a gida zan bi wani yaro mai ɗaga tuta yana ce mini mu tafi, mu tafi? Su minti arba'in suke ba mutum. Ni so nake in zauna a kan farin dutsen nan in ci abinci, in tsoma ƙafata inda yake tsoma tasa."

"To ƙafar taki fa?"

"Ɗan gangare ne," in ji Sannu-Sannu, da muryar da ta saba faɗa. "Minti biyar." Wannan kam har zuciyarsa ya yarda gaskiya ce.

Ranar Asabar ta saka sabuwar rigar da ta ɗinka don tafiyar, ta cika kwando da abinci, har da ɗan tawul na goge ƙafa. Auta ce ke tuƙi, uban yana gefe yana taka birkin da babu shi, yana cewa ta rage. Ya nuna musu kowace kwana da kowane rami, da gadar da aka sake ginawa sau biyu a gabansa. A nan kam babu wanda ya kai shi. Mai Keke tana baya tana ta murmushi, tana cewa, "Kin gani ko? Wane ɗan jagora ne zai san wannan?"

Abu ɗaya ya manta da shi a lissafinsa: mai sayar da tikiti. Tsoho ne mai tabarau, sun sha shayi tare ya fi a ƙirga. Yana hango shi ta taga ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi.

"Kai! Sannu-Sannu! Idonka kenan? Tikiti uku? Tsaya, tsaya, kai ma shiga za ka yi? Jama'a ku zo ku ga ikon Allah! Yau Sannu-Sannu zai wuce ƙofa!"

Mai Keke ta yi dariya. "Ai ya saba, Baba."

"Ya saba me, Hajiya? Wannan? Shekara talatin ina roƙonsa ya shiga ko na minti biyar ne, in riƙe masa makulli, ya ce doka doka ce. Ga ofishinsa can." Ya miƙa hannu ta taga ya nuna bencin siminti. "Wallahi ko inuwarsa ba ta taɓa tsallake ƙarfen nan ba."

Dariyar ta tsaya a fuskarta ba ta sauka ba. Ta dubi tsohon, ta dubi bencin, ta dubi mijinta. Jira take ya ce wasa ne. Sannu-Sannu ya kafa wa takalminsa ido, gumi yana bin bayan wuyansa. Auta ta saki baki, tikiti a hannu, ta ce, "Baba?" Mai tikiti ya gane ya yi ɓaranɓarama, ya sunkuya yana neman kujerarsa.

Mutanen da ke bayansu a layi suka tura su gaba, suka tsinci kansu a ciki. Taku ashirin suka yi hanyar ta ƙare a bakin wani rami mai zurfi, matakala ta miƙe ƙasa tana lanƙwasa har ido ya daina ganin ta. A jikin allo an rubuta: matakala ɗari uku da goma sha biyu.

Sannu-Sannu ya kusa faɗuwa. Ya kama ƙarfen dafawa. "Ɗan gangare," ya ce a hankali. "Ɗan gangare suke cewa." Ashe 'yan jagora suna faɗar haka ne don kada fasinja su tsorata tun a mota. Ashe barcin da mutane ke yi a hanyar komawa, wanda ya ɗauka na daɗi ne, na wahala ne.

Auta ta tare wata ma'aikaciya mai rigar aiki ta tambaye ta ko akwai wata hanyar. Matar ta ce akwai 'yar ƙaramar mota da ke zagayawa da tsofaffi ta ƙasa, amma kamfanonin yawo ne ke kama kujerunta tun ana gobe, na yau duk sun cika. "Da kun biyo motar kamfani ai da tuni Mama tana ƙasa."

Mai Keke ta juya, tana ɗingisa ƙafa, ta fita ta ƙofar da suka shigo. Kai tsaye bencin ta nufa ta zauna, kwando a cinya. Ya biyo ta ya tsaya daga gefe kamar ɗalibin da aka kira ofis. Ta daɗe tana kallon katangar, da kwandon shara, da motocin da ke jere suna ɗigar mai.

"Nan kake cin abincin nawa?"

"Nan ne."

"Dutsen fa?"

"Babu shi. Wato... ban sani ba ko akwai."

"Wandon fa, Malam? Wandon da nake shanyawa kullum?"

Idonsa ne ya kai kan famfon, ta bi shi da kallo. Ta dafe ƙirji ta yi salati. Ya zaci za ta yi faɗa, ya ma fi son ta yi. Sai ya ga hawaye.

"Ƙaryar ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Amma ba ita ce ta fi ba. Ni fa in zafi ya ishe ni a kan keke, in bayana ya ƙage, sai in ce ba komai, Malam yana can a bakin ruwa yana shan iska, ko ɗayanmu dai yana jin daɗi. Da wannan na yi ta lallashin kaina. Ashe kai ma katanga kake kallo."

Maganar ta shige shi fiye da zagi. Ya ce su koma gida, mako mai zuwa ya kawo ta a motar kamfani, ɗan jagora ya yi masa duk dariyar da zai yi.

"Wannan sai na yi shawara da gwiwata da kuma zuciyata," ta ce. Ta goge ido da ɗan tawul ɗin. "Amma yau ba za mu koma mu uku babu wanda ya gani ba. Tashi ka sauka. Auta, zauna nan, shi kaɗai zai je. Ni zan yi gadin kaya. Ka je ka gani, ka zo ka gaya mini. Abin da ka gani kawai, Malam."

Ya sauka. Wajen matakala ta ɗari ya ɗan huta. Rugugin da ya daina ji shekaru da yawa ya dawo, yana ƙaruwa, har ya koma jin sa a cikin ƙirji. Da ya sha kwanar ƙarshe sai ya tsaya cak. Ruwa ne yake zubowa daga sama, fari fat, faɗinsa ya fi bas goma a jere, ƙasa tana girgiza a ƙarƙashin takalminsa, feshi yana dukan fuskarsa har numfashi yana yi masa wuya. Hoton jikin mota ko kusa bai kai ba. Babu wani dutsen zama, fari ko baƙi, an ma kewaye bakin ruwan da ƙarfe, ba mai iya tsoma ko yatsa. Dattijo ya riƙe ƙarfen nan da hannu biyu ya fashe da kuka, babu wanda ya lura, don fuskar kowa a jiƙe take. Duk wannan yana nan, a bayan katangar da yake kallo, tun yana sabon ango.

Ya fi awa ɗaya kafin ya hauro. Ya fito ta ƙofar ƙarfe yana haki, jiƙe sharkaf tun daga hula har takalmi. Mai Keke tana nan inda ya bar ta, ba ta taɓa abincin ba.

"To, yaya ruwan yake?"

Ya buɗe baki. Mutumin da ya shekara talatin da ɗaya yana ba da labarin wurin nan ba tare da ya yi tuntuɓe ba, ya nemi kalma ɗaya ya rasa. Ya ɗaga hannu sama, ya sauke.

Ta dube shi ta daɗe. Sannan ta jawo bakin rigarsa, ta matse shi a tafin hannunta, ta shafa ruwan a fuskarta.

"Da sanyi," ta ce. "Na famfon bai taɓa yin sanyi haka ba. Zauna ka ci abinci."