Reshen da Na Bari Ya Bushe

Assalamu alaikum. A lokacin da wannan abu ya faru ni saurayi ne a Mararaba, kusa da Abuja, na sauke Alƙur'ani, na gama sakandare da ƙyar, hannuna ya fi sabawa da ajami a kan boko. Tsarana suna gidan kallon bal, ni kuwa shuka ce ta ɗauke mini hankali. Duk ƙwallon mangwaron da na tsinta a tasha sai na cusa shi cikin ledar ruwa da ƙasa, na jera a bayan ɗakin mahaifiyata, har takan ce wata rana za ta farka ta iske kurmi ya cinye mata madafi.

Muna da maƙwabci, wani dattijo Bagware, Kirista, mai lambun dashe a bakin rafi kan hanyar Gwarinpa, inda masu sababbin gidaje ke tsayawa sayen furanni da itatuwa. Da ya ga ledojina sai ya ce in riƙa bin sa. Malam Ƙarami yake kirana, ni kuma ina ce masa Baba. Shi ya koya mini yi wa mangwaro aure, wato a yanke kan ɗan tsiron gida mai tsami, a soka masa reshen iri mai daɗi, a naɗe da leda. Yakan ce yankan ba shi ne aikin ba, komawar ce aikin. Duk tohon da ya fito a ƙasan ɗaurin dole a tsinke shi, in ba haka ba uwar za ta shanye ruwan, baƙon reshe ya bushe. Hannuna ya karɓi aikin har ya fi nasa kamawa. Nakan rubuta sunan kowane iri da ajami a jikin gwangwani in rataya masa, shi kuma ya yi ta dariya, wai yanzu itatuwansa sun sami laya, ɓarawo ma ya shiga uku. Na ɗaura ɗaya mafi kyau na dasa a tsakar gidanmu.

Wata rana Baba ya zaunar da ni ya ce ƙarfinsa ya ƙare, 'ya'yansa duk sun kama wasu hanyoyi, yana so ya koma ƙauye. In zan zauna tare da shi damina da rani in san masu saye, zai bar mini lambun. A makon ne kuma kawuna, direba a wata ma'aikata, ya zo gidanmu. Ya dubi farcena ya tambayi mahaifiyata ko Abuja aka zo ko gona, ya ce in noma ake so ai ga ƙauye can an baro. Ya ce ogansa ya yi alkawarin saka ni a aiki, abin da ake bukata kawai a riƙa ganin fuskata a ofis. Abokaina ma da ma Ministan Taki suke ce mini, kuma sunan yana ci mini rai fiye da yadda nake nunawa. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, bai ce mini bi wannan ko bar wancan ba, ya dai ce in yi istihara. Ban yi ba, domin zuciyata ta san amsar, ni kuma ba na son jin ta.

Na sayi takalmi sau-ciki na fara sammako. Ina zama a benci a ƙofar ofis, in ɗauki jakar oga daga mota, in sayo wa sakatariya abinci. Kullum maganar ɗaya ce, in ƙara haƙuri, ba a buɗe ɗaukar ma'aikata ba tukuna. Baba ya aiko mini sau da dama, har ya zo da kansa ya tsaya a zauren gidanmu, ya ce Malam Ƙarami, yaranka suna kuka da ƙishi. Na ce masa zan zo ranar Asabar. Asabar ɗin ta zo ta wuce, na ji kunyar a gan ni da taɓo. Shekaru suka tafi a kan bencin nan, oga ya yi ritaya ya koma jiharsu ko sallama babu. Ran da na tako zuwa bakin rafin, wata mata 'yar Filato na tarar tana da ma'aikata da motar kai kaya. Ta ce dattijon ya jira wani yaro har ya gaji, ya miƙa mata wurin, kuma ta ji labarin ya rasu. Ban gaya mata ni ne yaron ba.

Yau gadi nake yi a wani gida a Gwarinpa, ina buɗe wa motar masu kawo shuke-shuke daga lambun nan ƙofa. Na gwada komawa aikin, amma idona ya yi rauni, wuƙar ba ta zama daidai, kuma babu sauran bakin rafin da ba shi da mai shi. Itacen tsakar gidanmu ya girma ya yi inuwa. Ban taɓa komawa na tsinke masa toho ba, uwar ta rinjaya, reshen da na ɗaura ya bushe tun tuni. Bara ƙaramar 'yata ta gatsa ɗansa ta tofar, ta tambaye ni wane ne ya shuka wannan abu mai tsami. Na ce mata ni ne.

Na san arziki na Allah ne, ba na jayayya da ƙaddara. Amma Ya nuna mini ƙofata tun ina yaro, Ya haɗa ni da mai buɗe mini ita, na juya baya saboda tsoron dariyar mutane. Matasa, abin da kuka ga hannunku na komawa gare shi ba tare da an aike ku ba, kada ku raina shi, ku nemi wanda ya iya ku zauna a gabansa tun yana raye. Iyaye da kawunnai, ku tambayi yaro me yake yi da taɓon kafin ku ce ya wanke hannu. Ni dai ga itacena nan, kowace shekara yana haihuwa, ko tsuntsu ba ya sauka a kansa.