Muryar Mati a Lasifikar Masallaci

Duk wanda ya taso a unguwar su Mati a cikin garin Daura ya san zaurensa da ƙaurin dalma. Tun yana saurayi ya shiga gyaran rediyo a hannun Malam Abdulmuhaimin, wani dattijo da ya yi aikin gidan waya a zamanin da. A lokacin sana'ar tana ci, mutanen Zango da na ƙauyuka kan zo ranar kasuwa da rediyoyi a cikin buhu. Da wayar hannu ta zo sai kasuwa ta mutu a tsaye. Yanzu Mati ya haura sittin, abin da ke zuwa masa bai wuce fanka da tocila da ƙananan rediyoyin makiyaya ba, sai kuma lasifikar masallacin unguwa da yake gyarawa don Allah.

A can ƙuryar zauren, ƙarƙashin wani tsohon bargo, akwai gadon da maigidansa ya bar masa. Akwatin ƙarfe ne mai nauyin buhun gero, rediyo irin wadda ake ji da ita kuma a yi magana da ita, wadda mutane ke kira oba-oba. A cikinta kwalabe ne jere, masu yin ja idan wuta ta shige su. Malam Abdulmuhaimin kan yi hira da ita da masu irin sha'awarsa a ƙasashe masu nisa, yana da takardar izinin hukuma. Mati bai taɓa neman takardar ba, don tun kafin dattijon ya rasu babbar kwalbar da ke fitar da murya ta ƙone. Akwatin yana ji, ba ya magana.

Haka Mati ya riƙe shi shekara da shekaru. Yakan share ƙura da gashin kaza, ya sake dalmar da ta tsage, ya canja wayar da ɓera ya ci. Matarsa Laraba takan ce ko awakinta ba sa samun kulawar da wannan akwati ke samu, ga shi ba nono ba taki. Duk direban da zai ƙetara iyaka ta Kongolam sai Mati ya nuna masa ƙonanniyar kwalbar ya ce ya duba masa irinta. Bana, ana cikin girbin gero, wani ya samo masa ita a wurin masu sayar da tsofaffin kaya, ya kawo ta naɗe cikin tsumma.

Dab da la'asar ya gama sa ta. Ya ɗaura wayar eriya daga indararon zaure zuwa bishiyar darbejiya, ya ba akwatin wuta, ya jira kwalaben suka yi ja. Sannan ya ɗauki makirufo, ya danna, ya karanta kiran da ya sha jin maigidansa yana yi, wasu haruffa da lambobi cikin Turanci. Ya maimaita. Ko da yake shiru ya ji, daɗi ya ɗebe shi, ya ƙara da Hausa.

"Daga Daura ne. Akwai mai ji na?"

Abin da bai sani ba, a daidai lokacin ladan ya kunna injin lasifika zai kira salla. Wayar lasifikar doguwa ce, marar kariya, Mati da kansa ya ja ta bara da abin da ya samu a hannu. Ita ta kwashi maganarsa ta zuba wa unguwa ta saman masallaci.

Laraba ce ta fara fitowa, hijabi a karkace. Ta ce masa muryarsa tana fita a masallaci. Bai gama fahimtar ta ba ƙofar zauren ta yi duhu da mutane.

A gaba Ja'afaru ne, shugaban 'yan sintirin unguwa, riƙe da gora. Bara waccan masu garkuwa da mutane suka tare ƙanensa a hanya yana dawowa daga fatauci, sai da aka sayar da gonar gado kafin aka karɓo shi. Tun daga nan Ja'afaru ba ya jin maganar masu kai wa ɓarayi rahoto ya zauna. Ya dubi akwatin, ya dubi wayar da ta haura bishiya.

"Baba Mati, da wa kake magana?"

Mati ya ce ba kowa, gwaji yake yi. Wani daga waje ya ce ai kowa ya ji, lambobi ya karanta, ya kuma faɗi sunan gari. Wani ya ce an ga direban Kongolam ya kawo masa ƙunshi. Ja'afaru ya ce hanya biyu ce, ko a fasa akwatin a nan, ko a ɗauke shi da mai shi a kai gaban hukuma su yi bayani. Mati ya san in aka kai gaba, tambayar farko takarda ce, kuma akwatin ya tafi ke nan, shi ma Allah kaɗai ya san ranar dawowarsa.

Ana haka Mai Unguwa Ɗantsoho ya iso, aka dare masa hanya. Sa'an Mati ne, tare suka yi makarantar allo. Ya zauna a kan benci, ya ce kowa ya ja da baya ban da Ja'afaru. Babu wanda ya ja da baya sosai.

Mati ya fara bayani. Ya ce wannan ba irin ta 'yan daji ba ce, tasu ƙarama ce ta riƙewa a hannu, wannan kuwa ta girmi Ja'afaru. Ya ce kowa ya san Malam Abdulmuhaimin. Ɗantsoho ya ce shi ya san shi, amma rabin waɗanda ke tsaye ba a haife su ba lokacin, kuma zamanin Malam babu wanda ake sacewa a hanya. Duk wannan magana akwatin na kunne, yana ta shuuu kamar ruwa a kan kwano. Mati ya so ya kashe, amma da ya miƙa hannu Ja'afaru ya sa gora ya tare. Ya ce a bar shi, a ji waɗanda aka kira.

Tun rasuwar maigidansa Mati ke fatan ranar da wani zai amsa masa. Yanzu ya tsaya yana roƙon Allah a zuci kada kowa ya amsa.

Sai shuuu ɗin ya tsage. Wata murya ta ɓullo can ƙasa-ƙasa, ta namiji, tana zuwa tana komawa. Harshen ba na nan ba ne, amma kowa ya gane tana maimaita haruffan nan da aka ji a masallaci. Laraba ta dafa bango.

"To ga mutuminka nan," in ji Ja'afaru. "Amsa masa mu ji."

Mati ya dubi makirufon. In ya amsa, Turancin da zai yi ba wanda zai gane a nan, kowa zai fassara yadda ransa ya ba shi. In ya ƙi, a ce ya ɓoye. Muryar ta sake kira, a hankali, irin ta mai haƙuri.

"Ranka ya daɗe," Mati ya ce da Ɗantsoho, "ka ba ni izini in kashe. Zan ba ka wani abu ka riƙe."

Ɗantsoho ya ɗaga wa Ja'afaru hannu, gora ta sauka. Mati ya kashe, ya zare wuta, ya kwance murfin. Irin wannan akwati yana riƙe wuta a cikinsa ko an kashe, wadda za ta iya kayar da ƙato, don haka ya sa sukundireba mai mariƙin roba ya taɓa wani wuri. Wutar ta yi tas, da tartsatsi. Na bakin ƙofa suka watse suna ture juna, gora ta sake tashi har saitin kansa.

"Kai Ja'afaru, wuta ce ya sauke," in ji Ɗantsoho. "In kashe mu zai yi, da ni zai fara? Ni da na fi shi ƙarfi tun muna yara?"

Babu wanda ya yi dariya, amma gorar ta tsaya a sama. Mati bai jira kwalbar ta huce ba. Ya kama ta da bakin rigarsa, ya girgiza ta a hankali har ta fito. Zafin ya ratsa yadin ya ci masa yatsu, bai sake ta ba sai da ya ajiye ta a cikin hular da Ɗantsoho ya cire ya tara. Mati ya ce wannan ita ce bakin akwatin, ba ita ba magana.

Ja'afaru ya ce ba zai yarda da faɗa ba sai ya gani. Aka aika wa ladan ya sake kunna injinsa. Mati ya mayar da wuta, ya danna makirufo, ya yi sallama har ya gaji. Daga masallaci ba abin da ya fito. Ja'afaru ya karɓa ya gwada da kansa, shi ma shiru. Mai kiran nan kuwa ya riga ya tafi.

Ɗantsoho ya yanke magana. Akwati zai zauna a inda yake, kwalba tana wurinsa, ranar da Mati ya kawo takardar hukuma ya zo ya karɓa a gaban jama'a. Ja'afaru ya ce a sauke wayar bishiya ma. Mati ya buɗe baki zai ce ba ita ko jin ma ba zai yi sosai ba, sai Ɗantsoho ya harare shi. Wani matashi ya hau ya tsinko ta.

Sai a lokacin ladan ya kira la'asar, rana ta riga ta karkata. Laraba ta kawo wa Mati ruwan randa a kwano ya tsoma yatsun, sun fara tashi. Ta ce ya yi sallarsa a gida yau. Ya ce in bai fita yau ba, gobe ma ba zai iya ba.

Ya yi alwala da ƙyar, ya shiga masallaci. A sahu, mutumin da ke damansa ya matsa gefe ya bar fili. Liman ya waiwayo ya ce a daidaita sahu, a cike giɓi. Aka ɗan jima ba wanda ya motsa. Sannan Ɗantsoho ya taso daga baya, kai ba hula, ya shiga wurin ya haɗa kafaɗa da shi, aka tayar da kabbara.