Yadda Labarin Yaya Ya Riga Mu Isa Gida

Yayana ya rasu ranar Talata da hantsi, a tsakiyar damina, a wani asibiti cikin Gadarif. Zazzaɓi ne na kwana shida. Muka binne shi bayan azahar. Ƙasar maƙabarta ta jiƙe, baƙa, mai nauyi, tana manne wa shebur, irin wadda ke cire wa mutum takalmi.

Inna, mahaifiyarmu, ba ta nan. Tana ƙauyenmu, gaba da Ƙala'at an-Nahal, wurin gonar riɗi, ba ta ma san ya kwanta ba. Shi ya hana a gaya mata. Tana da hawan jini, ya ce zazzaɓi ne kawai, a bar ta ta yi nomanta.

A wurinmu ba a gaya wa uwa mutuwar ɗanta ta waya. Wani na jininta ne zai tashi ya je. Ya zauna, ya sha ruwa, ya sa a kira matan maƙwabta su zauna kusa da ita. Sai ya ce wane ba shi da lafiya. Can ya ce jikin ya yi tsanani. Kafin ya kai ƙarshe ta riga ta gane, amma tana zaune, kuma akwai hannun da zai riƙe ta. Tun a maƙabarta Kawu, ƙanen Inna, ya ɗaga murya ya roƙi jama'a kada kowa ya kira ƙauye, ni da shi za mu tafi da safe. Kowa ya ce to, kowa kuma ya cika alkawari. Ina so a san wannan. Babu mutumin Gadarif ko ɗaya da ya saɓa.

Yaya yana da shafi a intanet. Kakanninmu sun fito daga yamma da niyyar hajji suka tsaya a nan, jikokinsu kuwa ba su daina tafiya ba: wasu na Jidda, wasu Bur Sudan, wasu sun koma Kano. Domin su ya buɗe shafin, yana sa haihuwa da aure da rasuwa. Da yaƙi ya koro mutane daga Khartum sai shafin ya zama wurin cigiya. Wanda ya rasa ɗan'uwa ya aiko da hoto, Yaya ya sa. Akwai mutanen da da shi suke karya kumallo kowace safiya.

Ni bakanike ne, tarakta nake gyarawa, karatuna bai yi nisa ba. Kwana biyu kafin ya kwanta ya kira ni ƙarƙashin rumfar gidansa.

"Zo nan, mai baƙin hannu. Wanke tukuna, kada ka shafa mini giris a kwamfuta."

"Yaya, ni da inji na saba. Wannan abin naka ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, ta ina zan san yana da lafiya?"

"Zauna dai. Idan na yi tafiya wa zai duba shi, Kawu?"

Muka yi dariya, domin Kawu ko wayarsa wani ke amsa masa.

Ya ce kamfanin da ke ajiye masa shafin zai rufe tsohuwar na'urarsu, sun ba kowa wuri a sabuwa. Ya ce sunan shafi daban, gidan da shafin ke zaune daban. Idan Kawu ya tashi daga wannan unguwa ya koma waccan, har yanzu gidan Kawu ake cewa, amma sai an sanar da masu kai saƙo. Ya shiga asusunsa na kamfanin, ya buɗe wani sashe mai haruffa uku, DNS. Layuka ne a jere. Ya ɗora yatsa a kan wanda ya fara da harafin A, sai sunan shafinmu, sai wata lamba mai ɗigo-ɗigo.

"Wannan lambar ita ce adireshin gida. Na riga na kwashe kaya zuwa sabon gida, tsohon ma sun kulle shi, ana gani amma ba a rubutu. Saura in goge wannan in sa sabuwa."

Ya rubuta mini sabuwar lambar da kalmar sirri a bangon wani littafi.

"To ka canza mana yanzu," na ce.

"A'a, sai jibi. Akwai abin da na shirya, sai ya kwana tukuna. Dubi wannan ɗan akwatin na gefe..."

Sai wayata ta yi ƙara. Taraktar wani ce ta mutu a tsakiyar gona. Na miƙe.

"Dawo in ƙarasa maka, ɗan banza."

"Gobe, Yaya."

Ban dawo ba sai da aka ce in zo in kai shi asibiti.

Ranar da muka binne shi, bayan la'asar, muna zaune a kan tabarmin makoki, dattijon zuri'armu ya jawo ni gefe. Ya ce mutumin da ya sanar da mutuwar kowa bai kamata tasa ta wuce shiru ba. Ya ce in yi ƙoƙari sanarwa ta fita kafin ranar uku, na nesa su yi masa addu'a tare da mu. Na ce to, Baba.

Kafin magariba na buɗe littafin, na shiga sabon gidan, na rubuta. Layi huɗu ne, amma na daɗe a kansu. Na sa hotonsa na Sallah, wanda yake dariya. Ban ji tsoro ba, domin na san babu mai gani. Duk wanda ya buɗe shafin tsohon gida yake zuwa, inda gaisuwar Yaya ke nan a sama kamar yana raye.

Da safe, Laraba, wuta ta zo. Kawu ya iso da sandarsa da ƙunshin sukari da ganyen shayi. Na san a ƙauye shabaka, wato sabis ɗin waya, ba ta da ƙarfin buɗe irin wannan shafi, kira kawai take ɗauka, shi ma sai a gidan maƙwabciyar Inna. Na kuma san ba zan dawo ba sai bayan addu'ar bakwai. Idan ban canza layin yanzu ba, maganar dattijo ta faɗi.

Na buɗe sashen. A sama akwai gargaɗi da Larabci, cewa canji a nan yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu. Na lissafa da yatsu. Mu za mu isa da azahar. Sanarwa kuwa sai Alhamis ko Juma'a. Ya yi daidai, har na ji kamar Allah ne ya tsara mini.

"Kawu, dubi. Kwana guda yake yi, ko biyu, kafin ya fito."

"Ka tabbata, ɗan nan?"

"Ga shi a rubuce."

"In a rubuce yake, danna mu tafi. Lori ba ya jiran mai makoki."

Na goge lambar da Yaya ya sa da hannunsa. Wannan ya yi mini nauyi fiye da yadda na zata, na tsaya ina kallon wurin babu komai. Sannan na kwafi sabuwar daga littafin, ɗigo bayan ɗigo, na duba sau uku kamar yadda nake duba noti. A gefe ga ɗan akwatin nan, da haruffa TTL a kansa, da 300 a ciki. Na gan shi. Ban san shi ba, sai na ce abin da ban sani ba ba zan taɓa ba. Na danna, na rufe kwamfutar, muka fita.

An yi ruwa da asuba. Muka hau bayan lori tare da 'yan ƙwadago masu zuwa noman dawa. Muddin muna kan kwalta lafiya lau. Da muka sauka hanyar ƙasa, ba mu yi nisa ba lorin ya nutse a wani kwari har gindinsa. Direba ya leƙo.

"Kai, masu cin tuwo, ku sauko ku nuna mini inda yake zuwa!"

"Kai da ka ga kwari ka shiga da ido biyu, sauko ka tura, mu mu tuƙa!" in ji wani.

Suka yi ta dariya suna tura. Ni ma na cire riga na shiga ƙarƙashi, aikina ne. Muka sa itace, muka sa ƙaya, taya na juyawa tana watsa mana laka. Azahar ta same mu a wurin. Wayata babu shabaka ko sanda ɗaya.

Kawu yana zaune a kan buhu yana maimaita abin da zai faɗa.

"Ni zan fara. Kai kada ka buɗe baki, fuskarka kaɗai ta isa ta tona mu. Ka tsaya bayana. Zan ce na zo ganin riɗi. Zan nemi ruwa. Sai na ga ta zauna."

"To, Kawu."

"Ita ta goya ni, ka sani. Ban taɓa kai mata mugun labari ba."

Hankalina yana kan jinkirin, amma ban damu ƙwarai ba. Ina ce muna da kwana guda a hannu.

Lorin ya fita bayan la'asar. Muka sauka a mararraba muka ƙarasa da ƙafa, ta cikin gonaki, riɗi ya fara fure. Tun kafin mu ga rufin gidan muka ji koke-koke. Kawu ya tsaya cak. Ya saurara, ya dube ni. Ƙunshin sukarin ya zame daga hannunsa, na ɗauka.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Maza suka tashi suka ɗaga hannu, muka yi Fatiha. Mu da muka kawo labari, mu ake yi wa ta'aziyya.

Maƙwabciyar ce ta gaya mana yadda aka yi. 'Yar Goggonmu da ke Jidda tana buɗe shafin kullum, domin ƙanen mijinta ya ɓace tun farkon yaƙi. Ta buɗe da safe ta ga hoton Yaya. Ba ta yi laifi ba. Wa zai zaci an sanar da duniya uwa ba ta ji ba? Ta kira tana kuka ta ce a ba ta Inna. Maƙwabciyar ta zaci wani abu ne ya faru a Jidda, ta ruga ta kai wayar. Inna tana tsakar gida da ƙwaryar dawa a hannu. Abin da ta fara ji shi ne, "Albaraka fikum, Inna, Allah ya ji ƙan Yaya."

Ta faɗi a inda take. Na tambayi lokacin. A lokacin ko tashar Gadarif ba mu bari ba.

Muka shiga. Tana kwance a kan gadon igiya, mata kewaye da ita. Bakinta ya ɗan karkace. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta dube ni ta ce, "Wa ya wanke shi?"

"Ni da Kawu, Inna."

"Ya samu kalmar shahada?"

"Ya samu."

"Ruwa bai shiga kabarin ba?"

"Mun kwashe, Inna. Mun sa busasshiyar ƙasa."

Ta rufe ido. Kawu ya durƙusa a bakin gadon yayar tasa yana ce mata, "Yaya, na taho, wallahi na taho," yana kuka kamar ba dattijo ba. Ta ɗora masa hannun dama a ka. Na hagun tun ranar bai sake damƙe komai ba.

Bayan bakwai muka taho da ita Gadarif don magani. Na nemi wani abokin Yaya wanda suka yi karatu tare, na buɗe masa sashen, na ce ya gaya mini inda na yi kuskure. Ya duba ya ce lambar daidai take, ban yi kuskure ba. Sai ya nuna ɗan akwatin.

Ya ce wannan shi ne tsawon lokacin da masu kai saƙo ke riƙe tsohon adireshi kafin su sake tambaya, da daƙiƙa ake ƙirga shi. Mutane da yawa sukan bar shi a kan kwana guda, shi ya sa kamfani ke rubuta wancan gargaɗi. Amma mai hankali, idan zai tashi daga gida, yakan rage shi tun da kwanaki, don kada masu zuwa su yi ta buga ƙofar kango.

"Yayanka ya shirya komai," ya ce. "Ɗari uku. Minti biyar ke nan."

Abin da Yaya ya ce in dawo ya ƙarasa mini ke nan.

Shafin yana hannuna yanzu. Na koyi sauran layukan a hankali, har wanda ke kai wasiƙu. Akwatin yana nan a ɗari uku, ban taɓa shi ba. Idan aka aiko mini da rasuwa, ba na sawa sai na kira na tambaya ko uwar ta ji, da wanda ya je mata. Wasu suna jin haushi, suna cewa ina bincike.

Na daɗe ban gaya wa Inna ba. Kawu ya ce in bari, me zai ƙara. Amma na ga tana ƙin amsa wayar 'yar Goggo, yarinyar kuwa tana ta aiko da ban-haƙuri. Ranar arba'in, bayan mutane sun watse, na kai mata shayi na zauna a ƙasa kusa da gadon. Na ce ba laifin yarinyar nan ba ne, ni na sa sanarwar, da hannuna. Na fara yi mata bayanin suna da gida da akwati. Ta ɗaga hannun daman, na yi shiru.

"Ban san waɗannan ba," ta ce. "Na san dai ba da gangan ka yi ba."

Ta daɗe tana kallon kofin.

"A tsaye na ji. Da kai ne ka zo, da ka ce in zauna."

"Da na ce, Inna."

"Kira mini ita gobe," ta ce. "Riƙe mini kofin nan, hannun ya gaji."

Na riƙe mata har ta shanye.