Ranar Da Muka Bar Shuka

Asabar ce, a farkon daminar shekarar da na shiga aji biyar na firamare. Ruwan shuka ya sauka kafin gari ya waye, kowane gida a ƙauyenmu da ke kusa da Shanono ya fita da sungumi da ƙwaryar iri. Mu kuwa muna jere a filin makaranta ƙarƙashin darbejiya, da ƙyallaye a wuya da sanduna a hannu. Yayana Habibu, wanda shi ne shugabanmu, yana ta kai da komo yana gyara mana tsayuwa, usur a baki, ido a kan hanyar mota. An aiko cewa a ranar ne jami'in shiyya na 'yan sikawut zai zo daga Kano ya rantsar da mu, ya kuma tabbatar wa Yaya shugabancinsa. In ba a yi haka ba, ƙungiya ba ta san da mu ba, kuma ba mu da wuri a sansanin da ake yi duk shekara. Daga inda muke muna hango iyayenmu suna sara, ƙannenmu mata na biye suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. Kakarmu ta zo wucewa da ƙwaryar fura a ka, ta tsaya ta ƙare mana kallo. "Sojojin wace ƙasa ne waɗannan?" in ji ta. "Kai Habibu, in da wannan usur za ka ciyar da ni, gara ka sake ni tun da wuri." Muka yi dariya. Aka kira azahar, aka kira la'asar, ko ƙarar mota ba mu ji ba.

Yaya ya koyo sikawut ne a makarantar kwana. Da ya dawo hutu sai ya tara mu, yaran da ba mu san komai ba sai kiwon awaki, yankan ciyawa, langa da ƙwallon tsumma. Ya koya mana ƙulle-ƙullen igiya, da ɗaure rauni, da kafa bukka da karan dawa. Ya raba mu gida-gida, kowane rukuni da jagoransa, ni ya ba ni ƙanana. Ba ya duka, ba ya zagi. In ka yi kuskure sai ya ce, "Sake, ba a haifi kowa da iyawa ba." Ƙyallayen wuyanmu ma daga tsohon zanen Inna aka yanka su.

Da muka koma gida ran nan, Baba bai ɗaga murya ba. Ya dubi Yaya ya ce, "Damina ba ta jiran jami'i." Washegari ƙasa ta fara shanyewa, gonarmu ta bayan rafi ba a gama shuka ta ba sai a ruwa na gaba. Iyaye suka ce kowa ya kama ɗansa. Yaya ya bi su zaure-zaure, ya durƙusa ya ba da haƙuri, ya kuma yi musu alkawari: duk gidan da ya bar ɗansa a ƙungiya, za mu yi masa gayya a noman farko da maimai. Suka yarda, wasu da murmushi, wasu da tsaki. Haka muka ƙare damina a sunkuye. Mu jeru a kan kunya da fartanya, Yaya ya busa usur mu kama, ya busa mu miƙe mu sha kunu a gindin gawo. Hannuwana suka yi kanta, amma ban taɓa jin ina da amfani kamar a lokacin ba.

Daga Kano kuwa saƙo ɗaya ne ke zuwa ta bakin hedimasta: an ɗage. Yau taro, gobe tafiya, jibi mota ta lalace. Duk ranar da aka sa, sai mu wanke riguna mu tsaya, a sake ɗagewa. Sai wata Talata da babu wanda ya sanar da mu, muna maimai a gonar wani tsoho da ciwon ƙafa ya kwantar, jami'in ya iso. Ya tarar da fili wayam. Hedimasta ya ce masa ga mu can bayan makaranta, a aika a kira mu. Jami'in ya ce ana jiransa a Rimin Gado, kuma shi yara masu kaki ya zo gani, ba manoma ba. Kafin labari ya iske mu, mu jefar da fartanyu mu sheƙo da gudu, sai sawun taya kawai muka samu a cikin taɓo. Ina tuna yadda Yaya ya tsaya yana haki, laka har gwiwa. Bayan girbi muka ji an naɗa shugaban matasan sikawut na yankinmu: wani yaro da ke karatu a birni, wanda ko sunan ƙauyenmu ban tsammanin ya taɓa ji.

Yaya ya je ofishin shiyya da kansa. Suka karɓe shi da fara'a, suka ce ya dawo baɗi. Da baɗi ta zo, suka ce shekarunsa sun wuce na shugaban yara. Iyaye ba su yi masa gori ba, domin ya cika alkawarinsa har gona ta ƙarshe, amma ɗaya bayan ɗaya suka janye 'ya'yansu. Ni na fi shi fushi. Na ce masa su ne suka saɓa, me ya sa mu za mu watse? Ya ce, "Aikin da muka yi ai yana cikin rumbunan mutane." Wannan amsa ba ta gamsar da ni ba a lokacin, kuma har yau ba ta gama gamsar da ni ba.

Bara Allah ya yi wa Yaya rasuwa bayan gajeriyar jinya. Ya rayu manomi, ya bar 'ya'ya, bai taɓa zuwa sansani ko sau ɗaya ba. Yanzu ɗana na cikin 'yan sikawut a makarantarsu, da kakinsa cikakke, saƙon taro kuma ta waya yake zuwa nan take. An samu sauƙi, ban musa ba. Sai dai har yanzu a birni ake zama a tsara wa yaran karkara ranaku, ba tare da an tambayi ko an yi ruwa ba. Gayya ma ta ja baya a ƙauyenmu, kowa da ɗan ƙwadagonsa. In ɗana ya tambaye ni wane ne shugabanmu a da, nakan faɗi sunan Yaya ba tare da wani ƙarin bayani ba. Su ba su tabbatar da shi ba, amma mu mun bi shi. Allah ya jiƙansa.