Ranar da Tasalla ta kira sunan 'yarta

Duk wanda ke kallon talabijin a Bangui ya san fuskar Hureira Dabo. Ni kuwa tun ba ta iya ɗaura zane ba na san ta, domin ni ne Ɗantsoho tela, kuma shagona na manne da na goggonta A'isha a kasuwar Kilomita Biyar. Rigar sallarta ta farko ni na ɗinka, ta kuma yi mini kuka wai hannun ya yi mata tsawo.

A unguwar Yakite aka haife ta, ita ce 'yar fari a ɗakin Tasalla mai tuyan makala, wato fanken nan da kowa a garin nan ke karyawa da shi. Ana yaye ta aka miƙa ta ga A'isha, ƙanwar ubanta, a unguwar Kokoro, kamar yadda aka saba yi wa 'ya'yan fari, shi ya sa gida da waje ake ce mata 'Yargoggo. Uwarta kam ko wannan laƙabin ba ta faɗi. In ta kama dole sai ta ce "ke", in kuma zancenta take da wani sai ta ce "yarinyar nan". Ba ta kallon ta ido cikin ido, in za ta ba ta abinci sai ta tura kwanon tana duban bango. Kunyar ɗan fari ke nan, haka aka yi wa Tasalla, haka aka yi wa uwarta tun kafin kakanninsu su baro Damagaram. Hureira ta san wannan sarai, kada wani ya ce muku ba ta sani ba.

Goggo A'isha atamfa take sayarwa, kuma mace ce mai wayon kasuwa. Da ta ga yarinya ta miƙe, ga tsawo ga wuya, sai ta ƙirƙiro mata aiki. Duk lokacin da sabon zane ya iso, za ta yanko ta jefo mini, in ɗinka, a saka wa 'Yargoggo, sannan a aike ta ƙarshen kasuwa sayen allura. Allura kuwa muna da ita cike da gwangwani. Kafin ta je ta dawo, mata sun biyo ta a baya suna tambayar inda ake samun irinsa. Tafiyar nan da Turawa ke koya wa 'yan mata da littafi a ka, ita tsakanin masu babur da masu tura amalanke ta koye ta.

Daga nan wani babban ɗan kasuwa ya sa hotonta a kalandar shagonsa. Dattawan unguwa suka yi ta gunaguni, amma ban ga wanda ya ƙi rataya kalandar ba. Da rikici ya ɓarke a garin nan, mutane suka yi ta hawa manyan motoci zuwa Kamaru, Goggo ta kulle shago ta tafi da ita. A Duwala ta shiga tallan kaya na sosai, irin wanda ake tafiya a kan dogon dandamali ana haska fitilu. Da ƙura ta lafa suka dawo, ta fara fitowa a tallan sabulu, sai ƙananan wasanni, har aka ba ta gurbi a wani fim mai dogon zango da ake yi da Sango, yaren ƙasar nan. Sangon Hureira ya fi Hausarta daɗi, in ta yi fushi ma da shi take faɗa.

A fim ɗin an ba ta matsayin wata muguwar uwa, Mama Zozefin, wadda ta tsani ɗiyar cikinta. Da farko ta yi ta ihu tana zare ido, mai shirya fim ɗin ya ce wannan ba ya tsorata ko kaza, ta je ta nemo abin da zai taɓa mutane. Ita da bakinta ta gaya mini cewa a kan babur, tana hanyar gida, dabarar ta faɗo mata. Washegari ta daina ihun. Ta riƙa tura wa yarinyar fim ɗin kwano tana kallon bango, ta riƙa ce mata "ke", ta ja bakin mayafi ta rufe haɓa, har da yadda Tasalla ke goge hannu a gefen zane kafin ta yi magana, duk ta kwashe. Fim ya karɓu. Ana fara shi titi ke yin tsit, mata na tsine wa Mama Zozefin, suna yaba wadda ta fito a matsayinta.

Mu tsofaffin unguwa mun gane wa ake kwaikwaya, muka yi shiru. Da a nan abin ya tsaya, da ya wuce. Sai aka gayyace ta hira a talabijin, mai tambaya ya ce ina ta samo wannan sanyin rai mai ban tsoro. Ta yi dariya ta ce, "A wurin mamata. Tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba." Mutanen ɗakin suka yi salati irin nasu, mai tambaya ya dafe ƙirji. Abin da ya rage ta ƙara shi ne, haka al'adarmu take, kunya ce ba ƙiyayya ba. Ta ga yadda idanu suka dawo kanta cike da tausayi, abin ya yi mata daɗi, ta haɗiye sauran maganar.

Masu sayen makalar Tasalla yawancinsu ba Hausawa ba ne, kuma ko 'ya'yanmu na yanzu ba duka suka san wannan kunyar ba. Yara suka fara wucewa ta gaban kaskonta suna kiran Mama Zozefin. Wata mata da ta shekara tana saye a wurinta ta tsaya ta tambaye ta da Sango, a gaban jama'a, yadda mace za ta ɗauki ciki wata tara ta haifi abin da ba ta so. Tasalla ta ja mayafi ta rufe haɓa, ta dubi bango, mutane suka ce kun gani, sak na cikin fim. To me za ta ce? Kare kanta yana nufin ta buɗe baki ta ce tana son 'yarta ta fari, abin da tun tasowarta aka koya mata cewa mace mai mutunci ba ta yi. Makala ta riƙa kwana a tire.

Hureira ta ji duk abin da ke faruwa, ta kasa taka Yakite. Ta aika da buhun shinkafa, aka karɓa aka ce an gode. Ta rame, kwalliya ta daina zama a fuskarta. Wata rana da hantsi ta shigo shagona ta zauna a kan bencin masu jira, ba ta kawo ɗinki ba.

"Kawu, me Inna take cewa a kaina?"

"Me kika taɓa ji ta ce a kanki?" na ce mata. Raina a ɓace yake, ban ɓoye ba. "Ke dai tashi ki duba zanen da ke kan keken nan."

Ta ɗaga shi. Atamfa ce mai ganye-ganye, shuɗi da ruwan ƙwai.

"Irin wanda na yi talla da shi bara ne."

"Na uwarki ne. Tun kina zuwa sayen allura, duk zanen da kika saka, sai ta bari an kwana biyu, kasuwa ta yi sanyi, ta zo wurin goggonki ta ce a yanko mata irin na yarinyar nan. Ni nake yi mata kalmasa. Ba ki taɓa duban abin da take ɗaurawa ba?"

Ba ta taɓa ba. Mai sana'ar zane, wadda ke gane atamfa daga tsallaken titi, ba ta taɓa lura da na jikin uwarta ba, don ita fuskar kawai take leƙe, tana jiran a dube ta. Goggo A'isha ta jiyo mu ta leƙo, ita ma ta sauke nata.

"Ranar da za mu Kamaru kin yi ta cewa ba ta zo rakiya ba. Tana nan bayan motoci da tire a ka, wai talla take. Wa ke sayen makala ranar gudun hijira, 'Yargoggo?"

Hureira ta kifa kai a kan zanen ta yi kuka har ta jiƙa mini shi. Ta ce za ta koma talabijin ta gyara maganarta. Ta koma ɗin, ta yi bayani da kyau, amma wanda ya ji na farko bai ji na biyu ba, waɗanda suka ji kuma suka ce rufa wa uwarta asiri take.

Sai ta yi shawarar zuwa da kanta. Da la'asar ta je, lokacin da Tasalla ke tuya a ƙofar gida, ni da Goggo muna biye. Ba kwalliya, ba takalmi mai tsini, amma ina za a ɓoye wannan tsawon? Kafin ta ƙarasa, jama'a sun taru, wayoyi sun tashi sama. Ta durƙusa a gaban kasko, gwiwa biyu a ƙasa.

"Inna, na yi laifi. Ki yafe mini."

Na zaci Tasalla za ta dubi bango ta ce "tashi, ke", a wuce wurin. Sai ta ajiye matsami, ta goge hannu a gefen zane, ta dubi taron nan da wayoyinsu. Ta gane abin da suka zo gani, ta kuma gane cewa in ba su gani ba, gobe 'yarta za su koma zagi, su ce ko uwarta ta ƙi yafe mata. Ta ɗago ta kalli Hureira tsakiyar ido.

"Hureira," ta ce, da ƙarfi. "Tashi, Hureira."

Sannan ta juya ga mutane, da Sangonta na kasuwa, ta ce wannan 'yarta ce, ita ta haife ta, kuma tana son ta. Wuri ya kaure da tafi da guɗa. Matar nan da ta yi mata tambaya ta rungume ta. Ni kuwa na dubi tsofaffin matanmu da ke bakin zaure, kowacce ta sunkuyar da kai kamar an tuɓe wa 'yar'uwarsu ɗankwali a kasuwa. Goggo ta juya baya. Hureira na ta kuka, masu waya suna cewa kukan murna ne.

Ciniki ya dawo, har ya fi da. Tasalla ce ba ta dawo ba. Ta bar wa ƙanwar Hureira kaskon, ta koma cikin gida, ko biki ba ta cika zuwa ba, ta ce idon mutane nauyi yake mata. Ba ta sake aiko mini da zane ba.

Hureira na nan tana fim, sunanta ya kai har Kamaru da Chadi, an ce ma ta fi iya fitowa a uwa. Kowace Juma'a tana zuwa Yakite. Uwarta na shimfiɗa mata tabarma, ta kawo mata ruwa a kofin baƙi, ta dube ta ta ce, "Sannu da zuwa, Hureira. Ya aiki?" Abin da ta yi shekaru tana so ke nan, ga shi ta samu, kuma duk ranar da ta fito daga gidan sai ta biyo ta shagona ta zauna a kan bencin masu jira.

Juma'ar da ta wuce ta gaya mini abin da ta yi. Da gangan ta saki kwanon miya a tsakar gida, ya kife, ta tsaya tana jira ko Allah zai sa a daka mata tsawa, a ce ke, wace irin yarinya ce ke.

"To me ta ce?" na tambaye ta.

"Ta ɗauko tsintsiya da kanta, Kawu. Ta ce, bar shi, Hureira, ba komai."