Jan Zakara a Ɗakin Inna Falmata

Cikin duk shekarun da na yi a aikin gona, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da aka fito mini da zakaran hukuma zaure a Fagge, yana kwance cikin kwando a kan sabon zane, yana haki kamar wanda ya yi tsere da doki.

A shekarar 1955 ne. Lokacin ina ƙaramin malamin gona, ban daɗe da fitowa daga horo ba, kuma ina cikin gwaji. Ku yaran yanzu ba ku san gwajin da ba: ana ba ka kaki da keke, amma ba a tabbatar da kai ba sai babban malaminka ya ce ka iya. Nawa babban shi ne Malam Inuwa, dattijo mai sanyin murya, wanda idan zai yi maka faɗa sai ya fara da tambayar lafiyar iyayenka.

Aikin da ya ba ni shi ne musayar zakaru. Ofishinmu ya kawo waɗansu jajayen zakaru na ƙasar Turawa, manya, waɗanda 'ya'yansu ke da nama, matan cikin 'ya'yan kuma ke da yawan ƙwai. Ƙa'idar ita ce mu ba gida jan zakara, su kuma su kawar da nasu na gida, don duk ɗan tsakon da aka ƙyanƙyashe ya zama jininsa. Sannan mu koya musu ciyarwa: dusar gero ko ta dawa, a haɗa da ɗan tunkuza, wato abin da ke saura bayan an matse man gyaɗa, da garin ƙonannen ƙashi don ɓawon ƙwai ya yi ƙwari, da ganye, da ruwa mai tsabta a kasko. Ba gishiri da yawa, ba maiƙo. Na haddace wannan karatu har ina iya yinsa ina tuƙa keke.

A Sabon Gari aikin ya zo mini da sauƙi. Yarabawan da na kai wa zakaru har bayan gida suke shigar da ni, in duba akurki, in damƙi dusar in ji ko ta yi tsami. A Fagge kuwa iyakata zaure. Kaji na mata ne, matan suna ciki, ni kuma namiji baligi. Sai dai in karanta wa maigida, shi ya shiga da abin da kunnensa ya riƙe.

Gidan da muka zaɓa ya zama abin misali a Fagge shi ne na Alhaji Modu, Babarbare mai sayar da yadi a Kantin Kwari. Kajin na mahaifiyarsa ne, Inna Falmata, tsohuwar da duk matan unguwa ke bin bakinta a sha'anin kiwo. Ba ta ce musu kaji, sai dai "'ya'yana". Malam Inuwa ya ce idan ta yarda, Fagge ta yarda. Ta kuwa yarda, ta sa aka yanka nata zakaran, ta karɓi namu da hannu biyu.

Duk mako sai na tsaya a zauren na tambayi Alhaji labarin zakara.

"Lafiyarsa ƙalau, Malam. Ci kam yana ci. Inna da kanta take kula da shi."

Sai in hau kekena ina murna. Kajin Sabon Gari suka yi kwanci suka ƙyanƙyashe. Na Inna ma suka yi kwanci, suka gaji suka tashi, ƙwai duk ya zama baragurbi. Aka sake, haka. Magana ta fara yawo a gidajen suna da na biki cewa zakaran Turawa kyan ɗan maciji ne, sai jiki ba amfani. Gidaje biyu da suka yi mini alkawari suka aiko cewa sun fasa.

Malam Inuwa ya kira ni ofis. Bayan ya tambayi lafiyar iyayena, sai ya ce, "Malam Garba, gwajinka zai ƙare da ƙarewar damina. Idan Baturen gona ya zo zagaye babu ɗan tsako ja a Fagge, ban san abin da zan ce masa a kanka ba. Akwai gurbi a gonar gwaji, wajen kwasar taki."

Na tsorata ƙwarai, don na riga na ga masu kwasar takin nan, na kuma san ba kaki suke sawa ba. Washegari da hantsi na tsare Alhaji Modu kafin ya fita kasuwa, na roƙe shi don Allah a fito mini da zakaran in gan shi da idona.

Inna Falmata ce ta fito da shi da kanta, ta ajiye kwandon a hankali. Na ɗaga shi, nauyinsa ya kusa na ɗan akuya. Na tsayar da shi, ya yi taku biyu ya sake zama.

"Inna, me yake ci?"

"Abin da muke ci mana. Da safe kunu da ƙosai, da rana shinkafa, da dare tuwo da man shanu. Ran Juma'a nakan dama masa fura."

"To dusar fa, da tunkuzar da na ce?"

"Modu ya faɗa mini. Na ba 'ya'yana. Amma ɗan nan, baƙon hukuma, ya taso tun daga ƙasar Turawa, ya sauka gidana in tura masa dusa? Baƙonka annabinka. Me za a ce da mu a gari?"

"A ina yake kwana?"

"A ɗakina, gindin gado. Da rana ma ba na barinsa tsakar gida. Yaran nan nawa, kajin, ba su da kunya, sai su tsattsage shi."

Alhaji ya sunkuyar da kai yana gyara hularsa da ba ta karkace ba. Ni kuwa dariya da kuka suka taho mini tare. Wata da watanni ke nan, zakaran bai taɓa haɗa ido da kaza ba. Na fara bayanin illar maiƙo da gishiri, na ga fuskar Inna tana ɗaurewa, don a kunnenta cewa nake ba ta iya karɓar baƙo ba. Sai na bar karatun.

"Inna, ai ba baƙunta ya zo ba. Aure ya zo. 'Ya'yanki aka ba shi."

Ta dubi zakaran, ta dube ni, sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

"Modu, ashe suruki ne, ka bar ni ina kwana ɗaki ɗaya da shi? Har ina cin abinci a gabansa?"

Ba ta ƙara taɓa kwandon ba. Alhaji ne ya shiga da shi, na jiyo ta daga cikin gida tana cewa a kai shi wajen iyalinsa, ya ci abin da suke ci, namiji ba ya zama matansa na cin dusa shi yana cin shinkafa. Daga ranar matar Alhaji ta karɓi ciyar da shi. An ce idan ya biyo ta ƙofar ɗakin Inna neman fura, sai ta saki labule. Ko sunansa ta daina kamawa, sai dai "mijin yaran nan".

Ya yi 'yan makonni yana fushi da dusa, yana ramewa, har ya dawo siffar zakara, aka fara jin cararsa da asuba. Kafin ruwa ya ɗauke, kaza ta farko ta fito da 'ya'yanta, jajaye-jajaye. Da Bature ya zo, a cikin ƙwarya aka kawo masa su zaure. Malam Inuwa ya tabbatar da ni, amma har ya bar aiki bai daina kirana waliyyin ango ba.

Bayan kamar shekara biyu lokacin sauya zakaru ya yi. Ƙa'ida ita ce mu kawo sabo, tsohon kuma masu gida su yanka su ci, don naman nasu ne. Da na je da sabon, sai na tarar da tsohon a zaure an ɗaure masa ƙafa, Inna tana tsaye bayan ƙofa.

"Malam, kai ka ɗaura auren nan, kai za ka san yadda za ka yi da shi. Ni dai ba za a ce an ci suruki a gidana ba."

Na ɗaura shi a bayan keke na kai gida da niyyar farfesu. Da na ba mai ɗakina labarinsa, ita ma ta ce ba da tukunyarta ba. A gidana ya tsufa, yana cin dusata, har ya mutu don kansa.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. A makaranta za a koya muku abin da kaza ke buƙata a cikinta, kuma gaskiya ne. Amma mutanenmu ba sa ciyar da kowa sai sun san matsayinsa a gidan. Tun daga kan Inna Falmata, duk gidan da na kai zakara, ba na buɗe baki a kan dusa sai na fara faɗa musu ko shi wane ne a wurinsu.